Rumbu, tiya da mabuɗi: yadda gidajenmu sunka ci da kansu



A taron da munka yi bayan salla, maganar tsadar cimaka ta cinye mana lokaci har ba mu kai ga sauran batutuwa ba. Ma'aikaci ya ce albashi ba ya kai ashirin ga wata. Manomi ya ce rumbu ba ya kai watan shuka. Wata uwarmu ta ce kuɗin cefanen da ake ba ta ko miya ba su haɗawa. Ana cikin haka wani dattijo ya ce mana mu yaran yanzu a kasuwa muke tattali, su kuwa a bakin rumbu sunka yi nasu. Maganar ta tsaya mana a rai. Shi ya sa munka bi tsofaffin garinmu, maza da mata, munka yi ta tambaya, sa'an nan munka gwama abin da sunka faɗa mana da abin da ke rubuce a littattafan tarihin ƙasarmu. Ga abin da munka samu.

Mu fara da lissafi, kamar yadda muke yi da ƴan lakwal. Ma'aikatan noma sun daɗe suna ƙiyasta wa mutumen karkara kilo 250 na hatsi a shekara. Tiya guda kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 tiya 40 ke nan. Ashe kowane baki tiya 100 yake ci a shekara. Gida mai mutum goma yana son tiya 1000, wato buhu 25, kusan tiya uku kowace rana ta Allah. Duk tarihin da za mu ba ku, tarihin neman tiya ukun nan ne.

A zamanin kakanninmu gida guda gandu guda ne. Maigida da ƙannensa da ɗiyansa da matansu suna aikin gandu kwana huɗu ko biyar cikin mako, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa. Mace ma tana da tata gamana, ta shuka hatsi da wake da yakuwa da kuɓewa, abin da ta samu nata ne. Idan kaka ta yi, a ɗaure dammai, a fidda zakka, dami ɗaya cikin goma, a ware iri, a ci sabon hatsi na ɗan lokaci. Daga nan maigida ya rufe rumbun gandu. Ba a sake buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka, don masu riƙe da hauya su samu abin da za su ci su yi noma.

Wata shida ko bakwai ke tsakanin rufewa da buɗewa. Me ake ci? Nan ne dabarar take. Samari su kama hanyar cin rani, Katsina, Kano, ma'adinan kuza na Jos, wasu har Gwalkwas. Mu yau muna ganin cin rani neman kuɗi ne kawai. Tsofaffi sun ce ko saurayi ya dawo hannu wofi bai yi banza ba, tunda ya ɗauke bakinsa daga gida. Ku lissafa: wata shida tiya 50 ce. Gidan da ya tura samari uku ya tsimi kusan buhu huɗu ba tare da ya nome ko kunya guda ba. Waɗanda sunka rage a gida, mata da yara da tsofaffi, rumbun gamanar mace ne ke riƙe su, da ɗan abin da take samu na man gujiya da ƙuli-ƙuli da kaɗi da nonon awaki.

Kada mu yi wa wannan zamani kwalliya. Tsarin ya yi aiki, amma a bayan mata ya hau. Wata tsohuwa ta yi dariya da munka yaba mata shi, ta ce mu da ba mu taɓa riƙe taɓarya ba sai mu yi ta yabo.

Akwai wani abu kuma da ba mu taɓa lura da shi ba sai da ta nuna mana. Hatsin da ke cikin rumbu a zangarniyarsa yake. Kafin ya zama abin sayarwa sai an sauko da dami, an sussuka, an sheƙe, kuma duk unguwa na jin ƙarar turmi. Maigidan da ya so ya sayar da cimakar iyali don ya ƙara aure ko ya yi buki ba zai iya yi a ɓoye ba. Buhu kuwa ba ya da baki. Da dare guda ana ɗora shi kan amalanke, gari ya waye babu wanda ya sani. Ban da haka hatsi a zangarniya ya fi jure ajiya, yana shekaru bai lalace ba. Gidan da ya isa gida yana da rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai shekara ta ƙi.

A wajen girki, hura ce uwar tattali. Da rana hura, da dare tuwo, da safe ɗumame. In abu ya fara ja baya, tuwo ke fara janyewa, ya koma bayan kwana biyu ko uku, hura ta riƙe gida, don dunƙule guda ana iya dama shi ya ishi mutum biyar ko mutum takwas, ruwa ne kawai ake ƙarawa. In ya ƙara tsanani a koma kunu. Dusa ba a zubarwa. Miya kuwa kusan ba ta cin ko dala: kuka daga itace, busasshiyar kuɓewa da yakuwa da lalo da tafasa waɗanda anka shanya tun kaka, daudawar kalwa ko daudawar batso da ake yi da ɗiyan yakuwa. Gishiri ne kaɗai ke zuwa daga nesa, na Bilma, wanda ayarin Abzinawa ke kawowa tare da dabino su musanya da hatsi.

Wannan horo ba haka kawai ya samu ba, yunwa ce ta koyar da shi. Wadda ta fi zama a bakin mutane ita ce Kakalaba, ta 1913 da 1914, lokacin Turawan Faransa na mulkin ƙasar daga Damagaram. Ruwa ya ɗauke, rumbuna sunka ƙare, mutane sunka bazama daji. Anka ci anza, wadda sai an jiƙa ɗiyanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Anka ci ganyen jiga da na aduwa da yaɗiya, anka tara ƙarangiya anka daka, anka tone gidajen tururuwa don ƙwayar da sunka tara. Jama'a da yawa sunka yi kudu, da yawa ba su kai ba. Har yau akwai gidajen da tsohuwa ba ta yarda yaro ya taka ƙwayar hatsi, asalin abin ke nan.

Amma akwai abin da ya shigo tare da Turawa wanda ya fi fari daɗewa yana cin rumbu, shi ne lanho. Da kuɗi ake biyansa, kuma bayan kaka ake karɓarsa, daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Manomin da bai taɓa tunanin sayar da cimakarsa ba ya koyi kai dami kasuwa don ya kuɓuta daga hannun dogarai. A nan anka fara abin da har yau bai bar mu ba: a sayar da araha a kaka, a saya da tsada a damina. A 1931 fara ta cinye gonakin yammacin ƙasar, yunwa ta kashe dubban mutane a ƙasar Zabarmawa, ana kuwa ci gaba da karɓar lanho. Abin ya yi muni har anka aiko mai bincike daga Faransa, ya ɗora wa mahukunta laifi. Bayan haka Turawa sunka matsa a kan rumbunan ajiya na dole: kowane gida ya kawo nasa rabo, a zuba wuri guda, ba a buɗewa sai da izinin kwamandan. Tsofaffinmu ba su tuna rumbunan nan da alheri. Wani ya kai hatsi mai kyau a mayar masa da ruɓaɓɓe, wani yunwa na cin gidansa yana kallon hatsinsa a kulle. Dabarar tamu ce tun fil azal, mabuɗin ne ya koma hannun wani. Da guguwar neman mulkin kai ta taso anka yi watsi da su, ba wanda ya yi kuka, ba kuma wanda ya tsaya ya kafa wani abu a madadinsu.

Sai zamanin gujiya. Bayan yaƙin duniya na biyu ta bunƙasa a ƙasar Maraɗi da Damagaram, a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayenta. Kuɗi sunka shigo ƙauye, da su da kwanon sha da yadi da sukari da shayi da keke. Gonar hatsi ta matsa wa gujiya wuri, saura ta ragu, matasa sunka ga za su iya biyan lanhonsu da kansu, gandu ya fara tsagewa. Tun a farkon shekarun 1950 an ga alamar abin da ke tafe, a yunwar da ake kira ta garin rogo, inda gidaje sunka rayu da garin da ake kawowa daga kudu. Ba daji ya cece su ba, ba rumbu ba, kasuwa ce, kuma sai mai kuɗi a hannu.

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973 da 1974. An riga an kafa OPVN a 1970 don ta sayi cimaka ta ajiye ta daidaita farashi, amma abin ya fi ƙarfinta. Iyayenmu sunka san layin taimako da jar dawa ta Amurka. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani, Seini Kunce ya hau, kuma yadda anka tafiyar da cimakar taimako na cikin dalilan da sunka bayar. A 1975 cuta ta faɗa wa gujiya, ba ta sake komawa yadda take ba, wake da aya sunka gaje ta a gonaki da yawa. Shekara goma bayan babban farin sai ga na 1984. A watan Afrilu na shekarar nan gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Hanyar cin rani ta toshe, hanyar gari da masara ta toshe, mutanen ƙasarmu sunka sa wa yunwar suna El Buhari. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna mana inda rumbunmu ya koma.

Daga wahalar 1984 abubuwa masu amfani sun fito. Gwamnati ta tura jama'a noman rani a fadamu da bakin rijiyoyi. Bankunan cimaka sunka fara bazuwa a ƙauyuka. A ƙasar Maraɗi manoma sunka koma barin kututture ya tofo a gona maimakon a tumɓuke shi, abin da ake kira sassaben zamani, har gawo da kalgo da aduwa sunka dawo, mace ta samu itacen girki da ganye kusa da gida ba sai ta saya ba. A 1991 kuma, a nan ƙasar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara, wanda ya ginu a kan adashin da iyayenmu mata sunka sani tun da. Sai dai a watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje, shinkafa da sukari da madara da magani, ya tashi. Ma'aikatan da ke cikinmu sun ji iyayensu na ba da labarin shekarun nan, da albashin da kan yi watanni bai fito ba, da littafin bashi a wurin mai tebur.

Ta 2005 kuwa ba labari anka ba mu ba, muna yara munka gan ta. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta taɓa wasu wurare. A watan Maris 2005 jama'a sunka fito a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da anka ɗora kan kayan masarufi kamar fulawa da madara da sukari, har gwamnati ta ja da baya. Da damina ta kama, buhun hatsi ya kai jika 30 a kasuwanni da dama, ninki biyu ko uku na kuɗinsa a kaka. Abin da ba za mu manta ba shi ne kasuwa cike take. Buhuna jere, mai awo na zaune da tiyarsa, mata na tsaye suna kallo. Wuraren jinyar yara masu tamowa a Maraɗi sunka cika, Maraɗin da ake kira rumbun ƙasa. Maza sunka tafi barema a gonakin wasu don tiyar yini, tasu gonar ciyawa ta cinye. Wasu sunka ci bashin falle, kaka ta yi sunka biya ninki, sabon hatsi bai kwana a gida ba. Yunwar shekara guda ta haifi ta shekara mai zuwa.

Me ya sa rumbu ya kasa haka? Ruwa na da nasa laifi, amma ba shi kaɗai ba. Lokacin samun mulkin kai a 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne, ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17, yau an haura miliyan 25. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ke rabonta. Kuma idan gona ta yi kaɗan, gamanar mace ake fara karɓewa. A ƙauyuka da yawa na kudancin Maraɗi akwai matan aure da ba su taɓa riƙe gona tasu ba. To, ga inda gizo ke saƙa: an karɓe gamana, amma al'adar cewa mace ce ke riƙe gida da rani ba ta tafi ba. Maigida na tafiya Kano ko Agadas ko Libiya ko Aljeriya kamar yadda kakansa ya tafi Gwalkwas, ya bar buhu guda ko rabi, yana ganin ya bi sawun magabata. Kakarsa tana da rumbu nata, matarsa ba ta da shi. Uwarmu da ta yi kukan kuɗin cefane a taro, wannan tarihi ne ke bayan maganarta ko da ba ta faɗe shi haka ba.

Shi ya sa awo ya yi ta ƙanƙancewa. Daga dami anka koma buhu, daga buhu tiya, daga tiya rabin tiya, har gwangwanin tumatir. Mai a cokali, sukari a ƙulli, Maggi ɗaya ɗaya, ga kuɗin injin niƙa kullum. Mun sa ƴan ajinmu sun tambayo farashin ƙullin sukari da na kilo, sunka auna, sunka lissafa a allo. Su da kansu sunka gano mai sayen ƙulli ya fi mai sayen kilo biya. Talaka ne ke sayen cimaka mafi tsada a garinmu, kuma duk iya cinikin da matarsa za ta yi a gaban mai tebur bai fi ta rage dala biyu ko uku ba. Asarar jika goma ta riga ta faru tun ranar da anka sayar da buhu a kaka.

Shekarar 2023 ta sake tuna mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ƙasashen CEDEAO sunka rufe iyakoki, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairu 2024. Shinkafa da mai sunka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Gidajen da sunka saba da shinkafa da taliya sun fi jin jiki, waɗanda ke da hatsi da wake a ɗaki, da kauɗar tumatir da gabu da busasshen zogale, sun ɗan samu sauƙi.

Da munka duba gidajen garinmu da ke kai damina ba su ci bashi ba, ba lalle su ne masu manyan gonaki ba. Wasu suna sayar da akuya ko wake ko aya don buƙatun kaka, ba su taɓa hatsi. Wasu na zuba wake a buhun nan mai ruɓi uku da ya shigo wajen 2007, wanda ke hana ƙwari ba tare da magani ba, su jira farashi ya tashi. A wasu garuruwa manoma na kai amfaninsu ma'ajiyar ƙungiya a kulle da kwaɗo biyu, su karɓi rance a kansa, su biya da rani, su ɗauki kayansu lokacin tsada. Malaman lakwal da ma'aikatan asibiti kuma na haɗa kuɗi a watan Oktoba da Nuwamba su sayi buhunan shekara gaba ɗaya. Duka dai rufe rumbun nan ne na da, a sabuwar riga.

Mu ma mun taɓa yin bankin cimaka a garin nan. Wani shiri ya gina mana ɗaki, ya zuba buhuna, ya tafi. Shekara uku ya yi. Mabuɗi na hannun mutum guda, ƴan uwa da surukai sunka yi ta ɗauka bashi, kunya ta hana a tambaye su, littafin lissafi ya ɓata. Ɗakin na nan bayan masallacin Juma'a, rufinsa kaɗai ke son gyara. A garin da ke gabas da mu nasu na aiki har yau, mata ne ke riƙe da shi, kwaɗo uku ne a ƙofar, kuma ba a fidda ko tiya sai da kuɗi a hannu.

Kwamitin ƙungiya ya sa maganar farfaɗo da ɗakin a taron da za a yi ranar kasuwa ta farko bayan an gama yankan hatsi. Membobin da ke Yamai da Arlit da Kano sun yi alkawarin kuɗin kwanon rufi. Abin da ya rage a yanke shi ne yawan tiyar da kowane gida zai zuba, da watan da za a buɗe, da waɗanda za su riƙe mabuɗai. Ana roƙon kowane maigida ya zo da uwargidansa.